Kifin da Inna Ta Ɓoye a Ƙosai

Shekarar da na fara koyarwa a firamarenmu ta Wara aka hana sayar da ƙanƙara mai kala a bakin makaranta. Ni ma na goyi baya, don na gaji da koyar da yara masu koren harshe. Sai dai babbar mai sayar da ƙanƙarar nan mahaifiyata ce, Inna, wadda ke zaune a inuwar darbejiyar bakin ƙofa tun ina rarrafe.

Hedimasta ya ce duk wadda ba ta kawo abu mai gina jiki ba ta tattara ta bar wurin. Har ya ba da shawarar kifi, tunda ga ruwa a bayanmu. Baƙo ne bawan Allah, kifi bai ishe shi ba tukuna.

Inna ta soyo warangi, ƙananan kifayen nan da ba su kai yatsa ba. Yara suka leƙa faranti suka juya. Ban ga laifinsu ba. 'Ya'yan masunta ne, kifi da safe, kifi da dare, a makaranta kaɗai suke hutawa. Inna ta daina yi mini magana sai harara. Wata mai awara kuma ta shiga matso da bencinta cikin inuwar kaɗan-kaɗan. Na tsorata ƙwarai, domin tun rasuwar Baba wurin nan ne kaɗai ke fitar da Inna daga ɗaki.

Ran Asabar na tarar da ita tana dakan busasshen warangi da citta da barkono, sai da ya koma gari. Na tambaye ta na mene ne.

Ta ce, "Ke dai riƙe allinki. In kinka hwaɗa ma yaran ga, ni da ke."

Ta juye shi cikin ƙullun ƙosai.

Kafin mako ya zagayo layi ya kai titi, mai awara ta ja bencinta baya. Hedimasta ya zo neman bayanin inda kifi ya tafi. Inna ta miƙa masa ƙosai ɗaya. Ya tauna, ya dubi yaran, ya wuce ofis.

Ina tsaye sai wata 'yar ajina, wadda babanta ke kwana a kan ruwa, ta matso baki duk mai.

"Malama, wallahi ƙosan Inna ya hi daɗi. Ko ba komi mutum ya huta da kihi."

Na ce ta gama ta wanke hannu. Inna ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta juya ƙosai, amma kafaɗunta sai rawa suke yi don dariya.