Daɓen Katako

A gidanmu na Illela, da an idar da isha'i, kakarmu Inna Ige kan zauna bakin murhu tana iza wuta da hannun hagu, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta son surutu. Ka cika magana, ka sha ranƙwashi.

"Ga ta nan, ku riƙe ta kar ta tsere," in ji ta. Mu ce ta zo mu ji ta.

Tatsuniyar da ta tsaya mini a rai ita ce ta wani falke mai baƙar zuciya. Ya ƙetara iyaka, ya ga ɗakin wani attajiri an shimfiɗe ƙasansa da katako, ya dawo ya ce shi ma sai an yi masa. Kafinta ya jera katakai kan tsurar ƙasa, ya matse su ƙam.

Matarsa kuwa daɓe ta sani. Kullum sai ta yayyafa ruwa kafin shara, yadda uwarta ta koya mata, ga randa a kusurwa tana tsatstsafo. Damina ta sauka. Katako ya sha ruwa sama da ƙasa, ya kumbura, ya rasa wurin miƙewa, ya yi tozo a tsakar ɗaki. Ran nan falke ya yi tuntuɓe, haƙorinsa ya fita.

A nan Inna kan kausasa murya irin ta falke: "Mi kika bizne min nan? Asiri ko? Kashe ni kike so?" Matar ta rantse ruwa ne kawai. Ina! Ya ɓamɓaro katako da ƙusoshinsa ya hau ta da jibga. Ta kare fuska da hannu, ƙashi ya ce ƙas! Jini har bango. Sannan ya tone ɗakin kaf. Ba laya, ba ƙaho, sai danshi da gara.

"Sai mi, Inna?" mu tambaya.

"Sai mi? Hannu ya karye. Ƙurunƙus, ku tashi."

Mu tashi muna dariyar giɓin falke.

Bara, bayan Inna ta daɗe da rasuwa, na sa a shimfiɗa mini katako a shago. Kafinta ya ce a bar rata jikin bango, kuma kada ruwa ya taɓa shi. Na je ina ba mahaifiyata labari, ashe tatsuniyar Inna da gaskiyarta.

"Wace tatsuniya?" in ji ta. "Ka taɓa ganin Inna ta miƙe hannun dama?"

Falken nan kakana ne, sunansa aka sa mini. Ashe ba a kan katako take ja mana kunne ba. Sai yanzu na tuna, duk sa'ad da ta zo wurin karyewar ƙashin nan, mu maza take kallo.