Tuwon da Na Tuƙa a Samaru

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Malumfashi, ni da ƙanena da mahaifiyarmu, Inna. Ƙanena ke tuƙi, ina gefensa, Inna kuma muka shimfiɗa mata a kujerar baya. Asibitin koyarwa na Shika muka nufa, domin likitan garinmu ya ce ciwon cikinta sai an yi aiki. Kamata ya yi a ce da mace a tafiyar, to matata tana jego, ƙanwarmu kuma aure ya kai ta nesa. Haka muka tafi jinya mu biyu ƙarti, ba wanda ya taɓa dafa abin da ya wuce ruwan shayi.

Damina ta yi nisa, masara ta rufe gonaki hagu da dama har ba ka hango ƙauyuka sai rufin kwanonsu. Hanyar ce dai ba daɗi. Duk ramin da muka faɗa sai na ji Inna ta yi salati a hankali, ni kuma in harari ƙanena kamar shi ya haƙa. A Funtuwa muka tsaya shan mai, kuɗin da aka faɗa ya sa ƙanena ya kashe sanyin mota har muka isa. Na sayi ƙosai mai zafi a bakin tasha na miƙa wa Inna, ta kau da kai. Ban damu ba, don tun tasowarmu ba mu taɓa ganin ta ci abincin saye ba. Muka wuce Giwa a bayan manyan motoci masu ɗauke da hatsi, da hantsi muka shiga Shika.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi, ma'aikatan ma sun yi ƙoƙari. Matsalar ta taso ne ranar da likita ya ce ta fara cin abinci. Na je bakin ƙofar asibiti, inda masu abinci suka jeru, na sayo kunu. Ta ƙi. Na sayo shinkafa, na sayo farfesu, na sayo tuwo. Ko buɗe robar ba ta bari a yi.

"Ban san hannun da ya dafa ba," shi ne kawai abin da take cewa.

Ruwa da shayi kaɗai ke shiga cikinta. Idanunta suka faɗa, muryarta ta koma ciki. Likita ya kira ni gefe ya ce ɗinkin ba zai kama ba muddin ba ta ci, kuma in aka ci gaba a haka za su zura mata roba ta hanci. Na san Inna. In aka yi mata haka, zuciyarta ce za ta karye kafin jikin. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Ina zaune a baranda da robar tuwon da aka ƙi ci, wani dattijo mai furfura ya tsaya a kaina. Na saba ganinsa da la'asar, yana zagayawa da manyan fulas na ruwan zafi yana zuba wa masu jinya. Wanda ya so addu'a ya yi masa, wanda bai so ba ya yi masa sannu ya wuce. Sunansa Baba Yohanna, tsohon malamin firamare ne. Ya ce, "Malam, mai jikin ce ta ƙi ci?" Na faɗa masa komai. Ya yi murmushi ya ce ba a kanta aka fara ba, in zo gidansa a Samaru da safe, akwai murhu.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi shakka. Gidan Kirista, ga Inna da tsantseni. Amma ba ni da wata dabara, sai na bar ƙanena a wurinta na hau bas.

Samaru gari ne na ɗalibai. A cikin bas ɗin wasu 'yan mata biyu suka yi ta hira, kalma ɗaya Hausa biyu Turanci, har na sauka ban gane ko faɗa suke ko shiri ba. Ko'ina shagon buga takardu ne da masu soya indomi. Gidan Baba Yohanna yana can cikin lungu, ginin bulo ne ba fenti, da bishiyar gwaiba a tsakar gida. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne wata rumfa a gefe, da murhun gawayi a jere, mata uku suna girki, kowacce da tukunyarta. Duk masu jinya ne daga garuruwa masu nisa. Ɗaya Bafulatana ce tana dama fura, ɗaya kuma daga kudancin Kaduna tana dafa acca.

Uwar gidan, Mama Saratu, gajeriya ce mai kaifin murya. Ta nuna mini tukwanen baƙi, waɗanda ba a haɗa su da na gida, ta nuna mini tabarma da buta. Baba Yohanna ya miƙa hannu wajen gwaibar ya ce alƙibla nan take. Daga baya na ji cewa gawayin da hatsin, su da matan zumunta na cocinsu ke haɗawa, babban ɗansu kuma mai Keke Napep shi ke kai kulolin abinci Shika kafin ya fara neman na kansa.

Na ja Mama Saratu gefe na kawo shawarar da na kwana ina saƙawa. Na ce ta taimaka ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ni kuma in ce wa Inna matata ce ta aiko daga gida.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗana, ba za a dafa ƙarya a murhuna ba. Tsohuwa tana kwance, ta amince da kai, ka ba ta abin da in ta sani ba za ta ci ba? Kai za ka tuƙa. Ni ko muciya ba zan taɓa ba."

Na ce, "Mama, ban iya ba."

Ta ce, "Cin fa, ka iya?"

Matan rumfar suka kwashe da dariya. Ni da nake da 'ya'ya huɗu, ana kirana Malam a makarantarmu, na tsaya ina sosa ƙeya.

Ta ce kukar da ke gidan ta kwana biyu, mara lafiya kuwa hancinsa ya fi na kowa, saboda haka muka hau mota zuwa kasuwar Sabon Gari. Muka bi ta Kwangila, inda motoci da babura suka cakuɗe kowa na danna oda. Sabon Gari kuwa duniya ce guda. Ga masallaci ga coci katanga ɗaya, ga tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, kunnenka na jin Hausa da Yarbanci da Turancin Buroka a lokaci guda. Mama Saratu tana gaba ina biye da leda kamar ɗan aike. Kowa ya san ta. Wata Ibo mai busasshen kifi ta ƙara mana a kan wanda muka saya, ta ce da Hausarta mai daɗi, "Na mara lafiya ne, Allah ya ba ta sauƙi." Wajen mai daddawa Mama ta sa na shinshina kala uku, ta ce in zaɓi wadda ta fi kama da ƙamshin ɗakin Inna. Na rufe ido na zaɓa, sai na ji ƙwalla ta taru mini a tsakiyar kasuwa.

A hanyar dawowa na tambaye ta abin da ya sa suke wannan wahala. Ta ce shekarun baya ta yi jinyar 'yarta a wani gari inda ba ta san kowa ba. Yarinyar ta yi ta roƙon kunun gyaɗa irin na gida, ita kuma ba ta da inda za ta ɗora tukunya, har Allah ya karɓi abarsa. "Da na dawo na ce wa Ubangiji, muddin ina da murhu, baƙo ba zai rasa wuta ba. Bangaskiyar da na iya ke nan, ni ban iya wa'azi ba." Ta faɗa tana kallon taga, ta kuma gyara ledar kifin a cinyarta.

Tukunyar farko ban ma so in tuna. Talgen ya yi gudaji, na zuba gari da yawa, muciya ta kafe, ƙasan ya kama. Mama tana tsaye da hannuwa a baya tana ba da umarni kamar sajan. "Danne tukunyar da ƙafa! Juya daga ƙasa! Wannan shafa kake yi ko tuƙi?" Sau biyu na ga hannunta ya taho zai karɓi muciyar, sai ta mayar da shi baya. Aka ba kaji na farko. Na biyu ya yi dama-dama, na kaɗa miya, na kwashe da mara, gumi har cikin idona.

Da na buɗe kular a gaban Inna, ƙamshin daddawa ya tashi, ta juyo da kai. Ta daɗe tana kallon malmalar da ta karkace gefe guda.

"Wa ya tuƙa wannan?"

"Ni ne, Inna."

"Na ga alama. Wa ya tsaya a kanka?"

Na faɗa mata duka: sunan matar, da addininta, da shawarar da na kawo, da amsar da aka ba ni. Na fara fid da rai. Can ta ce a tashe ta zaune, ta ce a kawo ruwa ta wanke hannu. Ta yi bisimilla ta kai loma. Ƙanena ya fita baranda da sauri don kada a ga fuskarsa. Ta ci kusan rabi, sannan ta ce gishiri ya yi yawa.

Daga ranar kullum ina Samaru da safe, hannuna har ya yi kanta. Inna ta murmure, maganar roba ta wuce, aka sallame mu. Mun fito ƙofar asibiti ƙanena zai karya kan mota wajen Funtuwa, ta ce a'a, Samaru. Muka riƙe ta har tsakar gidan, aka shimfiɗa mata tabarma. Ita da Mama Saratu suka gaisa kamar sun shekara da sanin juna. A murhun gida, ba na baƙi ba, tukunyar Mama Saratu tana tafasa. Inna ta tambayi abin da ake dafawa, aka ce faten tsaki ne da yakuwa, abin Zazzagawa.

Inna ta ce, "Zubo mini kaɗan, 'yar'uwa."

Mama Saratu ta tsaya da ludayi a hannu. "Hajiya, ni na dafa fa."

"Na sani. Yanzu ai na san hannun."

Mun iso Malumfashi bayan la'asar, ruwa na binmu tun daga Bakori. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, matata kuma da ta ji labarin tuwo ta yi dariya har jaririn ya farka. Na je Zariya neman likita, na kuwa same shi, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne matar da ta fi ni kiyaye amanar mahaifiyata, alhali ba ta taɓa ganinta ba. Ina girmama mutanen gidan nan har cikin zuciyata. Inna tana da al'ada, in ta idar da salla takan jero sunayen 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya tana yi musu addu'a. Jiya ina wucewa ta ƙofar ɗakinta na ji ta ambaci Saratu a tsakanin ƙannenta biyu.