Inuwar Gajera

Ƙanwar mahaifiyata mai kitso ce, irin wadda in kin ce kitso ya yi zafi za ta ce kanki ne ya cika son jiki. Ga ta 'yar duƙul, ga baki, ga saurin hannu. Mijinta kaɗai ya isa ya kira ta Gajera ta amsa, mu sai dai mu ce Anti. Shagonta a jikin gidansu yake, da madubi mai tsaga da talabijin a saman kabad. Ni kuma ina ɗinki a shagon da ke manne da nata, don haka babu abin da ke wuce ni.

Akwai wani shiri mai dogon zango da ya riƙe shagon nan shekara da shekaru. Labarin wani likita ne da matarsa malamar makaranta, a garin da wasu halittu ke aron fuskar mutane su shige gidajensu su zauna. Ba a gane su sai da abu ɗaya, ba su da inuwa. Anti ta haddace shirin kamar ita ta rubuta shi. Tana kitso tana kallo, kuma in abin tsoro ya taso, kan wadda ake yi wa kitson ne ke shan wahala.

Masu zuwa shagon sun kasu biyu. Su Nas, wata ma'aikaciyar jinya mai murya kamar lasifika, suna son likita ya rabu da malama ya koma wa wata maharbiya da ke farautar halittun. Anti da wata da muke kira Doguwa kuwa suna bayan malama, ko a mutu ko a yi rai. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda suke maganar mutanen nan kamar maƙwabtansu ne. Ba za ka taɓa jin sun ce "a cikin shirin" ba. Sai dai, "Kin ji abin da ta yi masa jiya?"

Mijin Anti, da muke kira Baba, tsohon direban babbar mota ne. Bayan ya ajiye tuƙi sai mantuwa ta fara cinsa, yau ya manta inda ya ajiye hula, gobe ya manta hanyar gida. Ga ciwon sukari, magani safe da yamma. Anti ta sa masa kujera a bakin ƙofar shago, yana fuskantar titi, don idonta ya kasance a kansa. Ba ya kallon talabijin, amma kunnensa ras yake.

A zango na shida marubutan suka yi aika-aika. Suka nuna cewa malama ta ɓace tun zango na uku, wadda ke gidan likita tun daga nan mai aron fuska ce. Ranar shagon ya kaure.

"Na faɗa muku!" in ji Nas. "Wadda ke dafa masa abinci ba matarsa ba ce. Shekaru yana ci daga hannunta, bawan Allah bai sani ba."

"Ke dai Allah ya shirye ki," in ji Anti. "Sun rasa abin rubutawa ne, suka lalata mana shiri."

"To ki duba ƙasa in ta tsaya! Ina inuwarta?"

Na ɗago kai daga keken ɗinki na ga Baba ya juyo da kujerarsa. Ƙafafun Anti yake kallo. Na ce a raina zai manta kafin yamma, tunda komai ma mantawa yake.

Wannan ne kawai bai manta ba. Da ta kai masa magani sai ya dunƙule hannu ya ce, "Baiwar Allah, ina kika kai Gajera?" Ta yi dariya, ta yi faɗa, ta yi kuka, ya ƙi karɓa. Washegari dabara ta faɗo mata. Ta ja shi tsakar gida, ta tsaya a rana ta ɗaga hannu, inuwarta ma ta ɗaga. Ya daɗe yana duban ƙasa, sannan ya ce, "Gajera, ina kika shige ne tun jiya?" Ya haɗiye maganinsa.

Haka suka rayu wata da watanni. Kafin ta buɗe shago sai ta tsaya masa a rana, kafin rana ta faɗi ta sake tsayawa. Matar da ba ta taɓa damuwa da sama ba ta koma leƙen gajimare, ana hira tana ɗaga kai.

Da damina ta kankama aka wayi gari da hadari baƙi ƙirin, aka kuma ɗauke wuta. Baba ya leƙa tsakar gida ya gan ta tsaye babu komai a ƙarƙashinta, ya koma ɗaki ya danna sakata. Har azahar bai ci ba, bai sha magani ba. Ta taga muna hango shi a gefen gado, gumi na karyo masa. Nas ta ce in aka ƙara jinkiri zai iya faɗuwa. Anti ta riƙe ƙarfen taga tana cewa, "Maigida, ni ce, wallahi ni ce."

Doguwa ta ce a haska ta da fitilar waya ta baya, inuwarta ta faɗa cikin ɗakin. Don son taimako, ita da Nas da wata mai jiran kitso duk suka kunna tasu a tare. Inuwa uku suka miƙe a bangon ɗakin, kowace da inda ta karkata, kuma da Anti ta ɗaga hannu duk suka ɗaga.

Ban taɓa jin babban mutum ya yi ihu irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake ji. Sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofar. Ya ƙanƙame hannuna yana cewa, "'Yata, kar ki bari su shigo, su uku ne a jikinta."

Tun daga ranar ko a tsakiyar rana ta tsaya ba ya yarda. Ita ke dafawa, ni ke miƙa masa, tana laɓe a bayan ƙofa tana sauraron ƙarar cokali. Kullum sai ya tambaye ni yaushe Gajera za ta dawo, in ce tana hanya.

An ce za a yi zango na bakwai. Nas ta daina musu, amma na san har yanzu maharbiya take so. Anti kuwa ta ce in marubutan suka dawo da malama gidan mijinta, za ta sa a yi hirar shirin da ƙarfi a bakin ƙofa inda Baba zai ji. Ita da ta rantse ta daina kallon shirin, yanzu addu'a take yi wa masu rubuta shi.

Jiya da na kai masa magani bai miƙo hannu nan da nan ba. Sai da ya sunkuya ya dubi ƙasan ƙafafuna, ya daɗe yana dubawa, ga sama kuma ta fara haɗa hadari.