Yadda Na Koyi Juya Fufu

Na baro gidan mijina da jaka ɗaya da wata ɗabi'a mai ban haushi. Ko yaron motar haya ta trotro ne ya ɗaga hannu zai kira fasinja, sai in duƙe in kare kaina. Duka ne ya koya mini haka.

Yayana ya ce in zauna wurinsa a unguwar Dichemso wata guda, in ban samu aiki ba in koma ɗakina in yi haƙuri. Haƙuri kuma? Allah ya kiyaye!

Aikin da na samu a gidan abincin wata Hajiya ne a unguwar Tafo, kuma juya fufu ne. Kina zaune a gindin turmi, hannunki cikin rogo, wata na tsaye a kanki da taɓarya. Ta ɗaga, ki juya, ki janye, ta sauke.

Mai dakan wata ƙatuwar mata ce 'yar ƙabilar Dagomba, damtsenta ya kai cinyata. Tana ɗaga taɓarya na zabura, na kifar da robar ruwa, na zauna daram cikin kwandon barkono. Kowa ya fashe da dariya. Ni kuwa na ce shi ke nan, aiki ya tafi.

Hajiya ba ta tambaye ni komai ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "'Yata, daga yau ke ce mai ba da umarni. Sai kin ce 'to' za ta sauke."

Wayyo masu ci! Kwana uku muna daka kamar masu zaman makoki. Wani direba ya leƙo ya ce wa Hajiya, "Maame, fufun nan daga can garin Tamale za a kawo shi?" Hajiya ta ce mai sauri ya je ya jiƙa garin rogo.

Sannu a hankali "to" ɗina ya yi ta sauri, har na daina faɗa ban sani ba.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, layi ya kai bakin titi, mai daka ta fara sanyi. Na ɗaga kai na daka mata tsawa: "Haba yaya, daka kike ko lallashi? Sauke da ƙarfi mana!"

Ta tsaya cak, taɓarya a sama, tana dariya har da hawaye. Sai a lokacin na lura ina kallon sandan nan ido buɗe, hannuna na cikin turmi. Daɗi ya kama ni, na yi kuka sosai.

Hajiya ta ce, "Ki yi kukanki, amma kada ki zuba mini gishiri a fufu."