Sunan Mijin Inna Mai Shara

A shekarar da gwamnatin jiha ta ce aljihunta ya huje, kalma ɗaya ce ta fi tayar wa ma'aikata hankali, wato tantancewa. Kafin ta iso mun riga mun ji jiki. Albashi ya zo rabi, ko ya zo a tsakiyar watan gaba. A ofishinmu ko takardar rubutu babu, sai mu juya bayan tsofaffin wasiƙu. A waje kuma an ƙara wa kowa haraji. Yayana tela ne a bakin kasuwar Tudun Wada, duk ranar da na je gaishe shi sai ya zaro sabon rasit ya kaɗa mini a fuska ya ce, "Ga abincinku nan, 'yan gwamnati." Sai in yi dariyar yaƙe in nemi wata hirar.

Can sai aka ce ma'aikatan bogi ne suke cinye kuɗin, za a kafa kwamitoci a zaƙulo su. Ni ƙaramin akawu ne a lokacin, kuma rubutuna yana da kyau, shi ya sa aka naɗa ni sakataren kwamitin da zai zauna a unguwarmu. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na kai shaddata wajen mai guga, har hula na sake.

Mu uku ne. Ciyaman, wato wani babban jami'i da aka turo daga Kaduna, sai wata Hajiya daga sashen kuɗi, sai ni da birona. Aka ba mu aji ɗaya a wata firamare, ma'aikata suka yi layi a rana kowa rungume da takardunsa. Kafin mu fara, ciyaman ya ce duk kwamitin da ya koma hannu rabbana za a ce an saye shi. Sannan ya dube ni.

"Kai ɗan unguwa ne. Kada in ji ka ce wannan gwaggonka ce, wancan kawunka ne. In mun gama da su, mu ma za a buɗe namu fayil ɗin."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." A takardar shekaruna ta kotu an rage mini 'yan shekaru, kamar yadda da yawa daga cikinmu suka yi lokacin neman aiki. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Dokar aikin mai sauƙi ce. Mutum ya shigo, ya ajiye takardunsa, ya faɗi cikakken sunansa da bakinsa daidai da yadda yake a fayil. Dalilin shi ne wasu kan turo ɗan haya ya tsaya a madadin wanda babu shi, kuma ɗan haya a wajen suna yake tuntuɓe.

Bayan azahar ta rana ta biyu Inna ta shigo. Haka duk unguwa ke kiranta, Inna mai shara, don ita ke share asibitin sha-ka-tafi na bayan layinmu. Katangar gidanta da tamu ɗaya ce. Mijinta ne mai gadin asibitin, da ya rasu aka ba ta sharar don ta riƙe marayu, akawun da ya ɗauke ta kuma ya rubuta sunanta ya bi shi da na marigayin. Wannan 'yar sharar ita ce tuwon gidan, har da jikoki biyu da take riƙo.

Ta cire takalmanta a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Ni na dukufa a kan takarda kamar mai neman allura.

Ciyaman ya ce, "Inna, zauna a benci. Faɗa mana sunanki."

Ta faɗa, a hankali.

"Cikakke muke so. Akwai na biyu."

"Na biyun ai na maigidan ne, Allah ya jiƙansa."

"Amin. To, faɗe shi."

Ta yi murmushi, ta ja mayafi ta rufe bakinta. "Ranka ya daɗe, ai ga shi nan a rubuce a gabanku."

"Mun san a rubuce yake. Daga bakinki muke son ji."

Ta kalli yatsun ƙafarta. Can ta ce, "Sunansu ɗaya da limamin masallacinmu."

Babu wanda bai san abin da ke faruwa ba a ɗakin nan. Matan zamaninsu ba sa kama sunan miji, yana raye ko ya mutu, kamar yadda ba sa kama sunan ɗan fari. Ni kaina ban taɓa jin sunan mahaifina a bakin mahaifiyata ba. Ciyaman Bahaushe ne, Hajiya Bahaushiya ce, kuma na tabbata iyayensu mata haka suke. Hajiya dai ta shiga jakarta tana neman abin da ba ta ajiye ba.

Ciyaman ya ce, "Ba mu san limaminku ba, Inna. Saura mutane a waje."

Sai ta juyo gare ni, fuskarta a sake, kamar wadda ta ga mafita.

"Ga ɗan nan, ya san shi. A gabansa ya tashi. Ya faɗa muku."

Ciyaman ya cire tabarau. "Ka san ta?"

Sunan yana kan harshena. Mijin nan nata ya sha ɗora ni a bayan kekensa ya kai ni makarantar allo. Kalma ɗaya ce, gaɓa uku. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ina dai ganinta a unguwa."

Ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta mayar da idonta ƙasa. Ciyaman ya ce in rubuta, na rubuta da kyakkyawan rubutun nan nawa: ta kasa faɗin cikakken sunanta. Kowace kalma a ciki gaskiya ce, kuma ban taɓa rubuta ƙaryar da ta kai ta ba. Inna ta tattara takardunta ta ɗaure su a leda, ta yi mana godiya, ta sa takalmanta ta fita.

Ciyaman ya sa hannu yana cewa kuɗin masu biyan haraji muke karewa. Har yau in na tuna maganar nan raina yakan ɓaci. Harajin yayana bai ragu da ko sisi ba, kuma albashin Inna bai kai man da motar ciyaman ta sha a zuwa da komawa ba. Amma ɓacin ran nan ma na arha ne, tunda ba ciyaman ta nuna da hannu ba.

Wata ya ƙare, nata bai zo ba. Ta ɗauka jinkirin da aka saba ne, ta ci gaba da zuwa da tsintsiyarta har wata biyu, kafin wani ya ji tausayinta ya gaya mata an cire sunanta. An ce akwai damar ɗaukaka ƙara in sakataren kwamiti ya shaida an yi kuskure. Sau biyu ina rubuta takardar, sau biyu ina yayyaga ta, don shaidar tana nufin in ce na san ta, alhali na ce ban sani ba. Har wa'adin ya wuce. Nawa fayil ɗin kuwa babu wanda ya taɓa buɗe shi.

Inna ta koma wankau. Daga ɗakina nakan ji ta tana jan guga a rijiya, tana tsayawa ta huta tsakanin guga da guga. Na sauya hanyar masallaci, na riƙa zagayawa ta babban titi don kada mu haɗu.

Abin da na fi tsoro shi ne ranar da maganar za ta kai kunnen mahaifiyata. Wata Juma'a na shiga gaishe ta, na tarar tana tsince shinkafa a faifai. Ta ce in zauna.

"Inna ta shigo ɗazu. Ta ba ni labarin abin da ya faru a wajen tantancewarku."

Na sunkuyar da kai.

"Ta ce ka tsaya mata tsayin daka, har ka so ka jawo wa kanka. Manya ne suka fi ƙarfinka. Ta ce in gaya maka kada ka sa abin a ranka." Ta ajiye faifan ta ɗaga hannuwa. "Yadda ka rufa mata asiri, Allah ya rufa naka. Allah ya yi maka albarka."

Tana jira, hannuwanta a sama. Na shafa, na ce amin.