Iskar da Ya Bari a Taya

Ɗana na biyu ya rasu a farkon damina, bayan jinya ta kwana kaɗan. Malamin makaranta ne a nan Tamale, yana haya a unguwar Kalpohin, mu kuwa muna gidanmu na gado a Tishigu, inda nake ɗinki a bakin ƙofa. A asibiti likita ya tambaye mu tun yaushe yake kukan ciwon. Muka ce ba mu taɓa jin ya yi kuka da komai ba. Tambaya ce da suke yi wa kowa, na sani, amma ta biyo mu har gida ta zauna.

Bayan sadakar uku aka kwaso kayansa: littattafai, katifa, tukwane, da keke. Na san ya shiga cikin masu hawan keke don wasa, waɗanda ke fita ranar Lahadi da matsattsun kaya. Amma keken da na san shi da shi siriri ne, tayarsa ba ta fi yatsa ba. Wannan da aka sauke kuwa tayoyinsa kauri gare su, da haƙora a jiki. Ban yi wani tunani ba, hannuna ne ya yi abin da hannun kowane mutumin Tamale ke yi idan ya ga keke a tsaye. Na danna tayar baya da babban yatsa, ta lotsa. Na danna ta gaba, ita ma ta lotsa.

Mahaifiyarsa tana tsaye a bayana. Ita ma ta yi shekaru tana zuwa kasuwa a kan keke, ba sai an yi mata bayani ba. Taya mai lafiya ba ta yin haka a mako guda.

"Ya daɗe bai hau ba," in ji ta.

Daga ranar ta haɗa lissafinta. Duk Lahadi yakan kira ta ya ce ba zai zo cin abincin rana ba, zai fita da abokan keke, sai yamma. Yanzu ta gaskata cewa a waɗannan Lahadin yana kwance ne shi kaɗai a ɗaki, yana ɓoye mana ciwo, mu kuma muna nan muna cin tuwo. Ta daina taɓa abinci sai an matsa mata. Na ce mata rai na Allah ne. Ta ce ta sani, ba wannan take tambaya ba.

Na tura keken wurin mai faci na bakin layinmu, ina fatan ya ce ƙusa ce. Ya zare roba ya tsoma a ruwa, gaba da baya, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Ya mayar, ya buga iska har tayoyin suka koma kamar dutse, yadda kowa ke so. Na dawo gida ban gaya mata abin da muka gani ba.

Cikin waɗanda suka zo mana gaisuwa akwai wani ma'aikacin gwamnati mai furfura a gemu, wanda ya ce shi ne babba a ƙungiyar masu keke. Ya taɓa faɗa mini inda suke haɗuwa, wani gidan mai a hanyar Savelugu. Ranar Lahadi bayan sallar asuba na hau keken ɗana na tafi can.

Ban taɓa ganin su kusa ba sai ranar. Da yake ɗinki ne sana'ata, rigunan na fara kallo. Aljihunsu a baya yake, bisa ƙugu, wani ya cusa ayaba a nasa. Takalmansu suna da ƙarfe a ƙasa wanda ke kama feda, saboda haka idan suka sauka sai su riƙa tafiya ƙwas-ƙwas kamar agwagi a kan siminti. Wasu sun aske gashin ƙafa. Kowa yana ɗalla tayarsa da farce yana saurare, sai ta yi ƙara sannan hankalinsa ya kwanta. Wani ya ba ni kekensa in ɗaga, na ɗaga da yatsu biyu.

Mai furfurar ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya sake yi mini gaisuwa. Na tambaye shi yaushe rabon da ɗana ya fita da su. Ya yi tunani, sannan ya ce tun daminar bara.

Na riƙe kan keken sosai. Sai wani dogo daga baya ya ce, "Baba, ai guduwa ya yi ya bar mu. Ya koma wurin manoma."

Suka yi dariya, irin wadda ake yi a gaban mai makoki, a hankali. A nan na fara jin cewa masu keken wasa iri biyu ne. Su na kwalta ne. Akwai kuma na daji, masu irin keken da nake riƙe da shi, waɗanda ke bin hanyoyin gona su dawo da laka har kunne. Ba faɗa aka yi ba, in ji su. Siririn kekensa ma ga shi can, dogon ne ya saya. Na je na shafa sirdin. Akwai wani ɗinki da na taɓa yi masa a gefe, yana nan.

Mai furfurar ya yi mini bayanin yadda suke tafiya. Layi ɗaya suke yi, taya na bin taya, tazarar ba ta kai taƙi ba. Na gaba shi ke cin iska saboda sauran, in ya gaji ya zame gefe ya koma baya, na biye da shi ya karɓa. Ba a hira. In akwai rami, na gaba ya nuna da yatsa, saƙon ya bi layi har ƙarshe. Wanda ya taka birki ba sanarwa zai iya zubar da mutum goma. Ya ce ɗana yakan daɗe a gaba fiye da kowa, har suna yaba masa, sai wata rana ya ce musu ba kirki ba ne, a baya ne ba abin kallo sai ɗuwawun wani.

Da suka tashi na ga abin da idona. Ya yi mini kama da sahu: kowa ya daidaita, kowa ya yi shiru, an bi na gaba. Na bi su ɗan nesa kaɗan, tayoyina suna gurnani a kan kwalta, kafin in kai wani kwana sun zama ɗigo. Ba wanda ya waiwayo. Ban ji haushi ba. Wanda ke cikin wannan layin in ya waiwaya faɗuwa zai yi.

A gida na ce mata ya canza ƙungiya ne. Ta ce, "To su waɗancan sun gan shi?" Na ce ban sani ba tukuna.

Na daji suna haɗuwa ne a bayan Kalpohin, inda kwalta ta ƙare, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Lahadin da ta biyo baya na je can. Ba su kai na kwalta yawa ba, ba su kuma san sauri ba. Rana ta fito ana jiran wani, shi kuma da ya iso bai ba da haƙuri ba. Wani da gajeren wando, wani da rigar ƙwallo, kekunan duk da busasshiyar laka. Da suka ga keken suka gane shi kafin su gane ni. Hirar ta tsaya cak. Wata mata ta matso ta durƙusa ta gaishe ni. Ma'aikaciyar jinya ce daga kudu, Kirista, kowa Sista yake ce mata. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta.

Ban yi tambayata nan take ba. Ina tsoron amsar, kuma a gaban mutane. Sai na tambayi abin da ya fi sauƙi: na ji ana ce wa irin wannan keke keken hawan dutse, to ina dutse a Tamale, garin da in ka hau suri kana hango Savelugu? Wani mai ƙiba da ke sayar da kayan babur ya ce in biyo su in gani. Akwai ramin da aka haƙi tsakuwar yin titi, shi ne dutsensu.

"Namu a kife yake, Alhaji. Sai ka gangara sannan ka hau."

Na ce na je wurin na kwalta makon jiya. Mai ƙibar ya ce Allah sarki, jerin gwano, ko sun ba ni ruwa? Ya ce mutanen nan sun fi shekara nawa suna wuce ƙauyuka ba su san sunan ko ɗaya ba.

Muka shiga hanyar gona. Su ba sa layi. Wani ya bi ta hagun kaɗanya, wani ta dama, a haɗu a gaba. Ana tafe ana surutu. Duk wanda aka tarar a gona sai an tsaya an gaishe shi da Dagbanci, yana amsa naa, naa, fartanya a kafaɗa. In hanya ta rabu biyu, na gaba ya tsaya har na ƙarshe ya iso. Na ƙarshen ni ne. Na fi shekara hamsin ina hawan keke, amma wannan ya ƙi ni. Kowace tsakuwa sai ta cilla ni sama, hannuwana suka mutu, haƙorana suna haɗuwa. Da muka iso wani wuri mai yashi, tayar gaba ta zame, na kwanta a gefe kamar buhu.

Ban ji ciwo ba. Sista ta duba gwiwata, sannan ta ɗaga keken ta danna taya. Ta sake dannawa. Ta dube ni.

"Baba, wane ya sa iska ga wannan keke? Shi na so ya kashe ka?"

Na ce ni na sa aka buga, don na same shi ba iska. Mai ƙiba ya ce ba iska kamar yaya. Na nuna musu da yatsa iyakar yadda ta lotsa. Suka dubi juna. Sista ta ce ai haka yake hawansa. A daji rage iska ake yi, don taya ta buɗe ta kama ƙasa, ta haɗiye tsakuwa maimakon ta yi tsalle a kai. Duk cikinsu kuma ba wanda ke ragewa kamar ɗana, har tsokanarsa suke yi wai a kan katifa yake yawo.

Ina zaune a yashin na yi tambayar. Mai ƙiba ya ce Lahadin ƙarshe kafin a kwantar da shi tare suka fita, nan ma suka biyo. Ya gangara ramin tsakuwa ya haye ɗaya gefen bai sa ƙafa a ƙasa ba, ya tsaya a sama yana yi musu dariya. Tun da ya shigo cikinsu bai fi sau ɗaya ko biyu ya yi fashi ba. Sista ta ce ranar ita ce a bayansa kusan duk tafiyar.

"Aikina ke nan, Baba, kallon marasa lafiya. Ban ga komai ba. Na yi ta tambayar kaina."

Ta tsuguna ta danna bakin bawul. Iskar mai faci ta fara fita. Sai a lokacin na tuna cewa wadda ɗana ya auna da hannunsa ta fita tun ranar, a bakin layinmu, ina tsaye ina kallo. Sista ta ce ya isa. Mai ƙiba ya danna ya ce a'a, nasa ya fi haka laushi. Wani ya zo ya danna ya ce ta baya ta yi, ta gaba a ƙara ragewa. Haka suka kewaye keken, kowa da babban yatsansa, suna musu a kan yadda yaron ke son tayarsa, har suka yarda da juna. Ni ban sa baki ba. Su suka sani.

Da na sake hawa, keken ya zama wani dabam. Ya lafa a ƙasa, yashi ya daina ja na. Ramin tsakuwa dai turawa na yi, gangara da hawa.

Na iso gida wajen azahar na gaya wa mahaifiyarsa duka, daga yashi har bawul. Ta saurara, hannunta a cinya. Da na gama ta ce ta san ni, zan iya gyara magana don ta ci abinci. Ta ce in kawo mata Sista.

Da Lahadi ta zagayo Sista ta zo kai tsaye daga daji, da laka a ƙafa, ta tsaya a zaure tana neman inda za ta wanke. Mahaifiyarsa ta ce ta shigo haka nan. Suka zauna a tabarma a tsakar gida, ni ina bakin ƙofa a kan keken ɗinki, ban taka ba don in ji. Ba ta tambaye ta batun taya ba, ko ramin. Ta tambaye ta ko ya yi tari ranar, ko ya riƙe ciki, ko ya nemi inuwa. Sista tana cewa a'a, a'a. Sannan ta tambaya ko ya ci wani abu.

Sista ta ce a hanyar dawowa sun tsaya wurin wata mai tubani a wani ƙauye. Ya cinye nasa, ita Sista ta juya tana wanke hannu, kafin ta waiwayo ya ɗauke rabin nata, bakinsa duk mai da yaji, yana rantsuwa wai kaza ce.

Na leƙa. Mahaifiyarsa ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta suna motsi, ban iya gane ko kuka ba ne ko dariya. Da ta sauke mayafin ta ce haka yake yi wa yayarsa tun suna ƙanana. Sannan ta tashi ta shiga madafa, ta fito da kwano ɗaya da ruwan wanke hannu, ta ajiye tsakaninsu, ta ce wa baƙuwar ta matso.