Wucin Gadi

Aikin farko da na yi a rayuwata wata uku ne cif, a zamanin Turawa. Na gama elemantare ke nan, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro tawada. A Haɗejiya akwai wani ɗan ofishin ajiyar kuɗi inda fatake da masu sayen gyaɗa ke kai ajiya, sai ƙaramin akawunsu ya tafi jinyar ƙafa. Babban akawun, wani dogon Bakano mai tabarau, ya duba rubutuna ya ce zai ɗauke ni na wucin gadi, idan kuma Baturen ofis ya yaba da hankalina, wataƙila a tabbatar da ni. Wannan wataƙilar na riƙe hannu bibbiyu.

Aikin bai wuce lasar kan sarki da jera fayil da sa kabon a keken rubutu ba. Sau biyu ina sa kabon a baibai, wasiƙa ta fito a bayan kanta. Duk da haka da yamma sai in bi ta kasuwa da alƙalami a kunne.

Na aika gida da albishir ta bakin gwaggona mai sayar da bandar kifi, wadda kunnenta ba ya ɗaukar doguwar magana. Na ce ta gaya wa Baba na samu aikin ofis na wucin gadi. Kafin ta haye fadama zuwa ƙauyenmu da ke kusa da garin Baturiya, ofis da wucin duk sun faɗa ruwa. Gadi kaɗai ya isa gida.

Baba masunci ne, kuma ya sha gori a tsakanin masunta don ya bar ni na yi boko. Ranar wata Talata da hantsi ina cikin lasar kan sarki, na ɗaga kai na gan shi a bakin ƙofa, da gora a kafaɗa, wuƙa a damtse, tabarma a hammata. Ya jawo ni gefe ya rage murya.

"Kai da dinya, tsuntsuwa fa, ta taɓa kora har ɗakin uwarka, wa zai ba ka gadi? Shiga cikin malaman nan ka ɓuya, ni zan tsare maka ƙofar. Ba wanda zai sani."

Sau uku ina yi masa bayani. Yana gyaɗa kai yana cewa haka ne, haka ne, irin yadda ake yi wa mai rufa wa kansa asiri. Ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin ƙofa.

Da babban akawu ya tambaye ni wane ne wannan, na dubi rigar Baba mai ƙarnin kifi, na tuna da wataƙilata, na ce wani tsoho ne daga garinmu. Kunya ce ta sa ni, kuma har yau ina jin kunyar wannan kunyar.

Cikin mako guda ofis ya canza. Awakin da suka saba cinye sanarwar da muke liƙawa a bango suka sauya hanya. Fataken da ke shigowa da hayaniya suka koma tuɓe takalmi suna sallama. Har Bature sai da Baba ya gitta masa gora, ya ce da shi ko sarkin ruwa ba ya shiga gidan mutane babu gaisuwa. Na riga na ga aikina ya tafi, sai Bature ya yi dariya ya gaishe shi da karyayyiyar Hausarsa. Daga ranar kullum sai sun gaisa.

Wata uku ya cika, mai ƙafa ya dawo yana taka ta lafiya lau. Ban taɓa baƙin cikin warkewar mutum ba sai ranar. Babban akawu ya kira ni, ya yabi ladabina, ya yabi rubutuna, yabon ya yi tsawon da na gane sallama ce. Sannan ya ce in shigo da tsohon nan, Bature ya ce a ɗauke shi maigadi na dindindin, har da kaki.

Baba ya durƙusa ya saurara har ƙarshe. Ya tambaya ko ni an sallame ni, aka ce eh. Ya miƙe ya ɗauki gorarsa.

"Ranka ya daɗe, ni wani tsoho ne daga garinsu, amma ba na cin aikin ɗana."

Ashe ya ji. Babban akawu ya dube ni ta saman tabarau, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Na ce mahaifina ne, a lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani.

Washegari muka kama hanyar gida. A cikin kwalekwale na naɗe ƙafa, shi yana tuƙi. Da muka yi nisa cikin fadama ya ce kada in sa abin a raina, dama can gadi bai dace da ni ba.

"Tunda ka yi boko," in ji shi, "ka nemi aikin rubutu mana."